Me ya sa `git diff --name-only` ba ya jin `-w` da `-I` a Git 2.43? Haka ya dace ko gyara yake buƙata?

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ina da tambaya a kan `git diff`, umarnin da ke nuna bambancin sigogi biyu a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen fayiloli. Ba dabarar kewaye matsalar kaɗai nake nema ba, so nake in gane ko abin da nake gani haka ya kamata ya kasance.

Ni ke kula da wata manhaja da muka gina da Django don wata ƙungiyar adashe da bashi ta 'yan kasuwa. Da Turanci muke rubuta saƙonnin cikinta, sannan a fassara su zuwa Hausa da Faransanci, saboda muna da membobi a Maraɗi da Damagaram. Sassa huɗu ne a manhajar: membobi, bashi, rasit da rahoto. Kowane sashe yana da fayil ɗin fassara, wato `.po`, na Hausa da na Faransanci, takwas ke nan. Malamar da ke mana fassara ba mai rubuta manhaja ba ce, malamar makaranta ce, da daddare take zama ta yi mana aikin bayan ta gama da yaranta. Duk sanda za mu fitar da sabuwar siga, nakan tura mata sunayen fayilolin da aka taɓa, ta buɗe su a manhajar fassara ta Poedit ta duba.

Ga inda abin yake. Da zarar an ƙara layi ɗaya a saman `views.py`, in na kunna `makemessages`, umarnin Django da ke sabunta fayilolin `.po`, layukan da suka fara da `#:` na saƙonnin wannan fayil sai su canza, tunda su ne ke nuna lambar layin da saƙo yake. Layin `POT-Creation-Date` shi ma ya canza. Ga kuma abokin aikina da ke kan Windows, wani lokaci editansa yakan mayar da ƙarshen layi CRLF, irin na Windows, maimakon LF na Linux. Duk wannan ba ruwan mai fassara da shi. Sai na rubuta haka, don Git ya yi watsi da canjin CRLF, `-I` kuma ya sa a yi watsi da layukan da suka dace da salon da na bayar:

```
git diff --ignore-cr-at-eol -I'^#:' -I'^"POT-Creation-Date' v1.4 HEAD -- '*.po'
```

Ya yi mini abin da nake so. Fayil biyu kawai suka fito, na sashen bashi, inda muka ƙara saƙon tunatarwa ga wanda lokacin biyansa ya wuce. Na ƙara `--stat`, mai taƙaita yawan layukan da suka canza a kowane fayil, biyu ne. To amma da na ƙara `--name-only` don in sami sunayen zalla in saka a saƙon da ke tafiya wurinta, sai takwas ɗin nan suka jeru gaba ɗaya. `--name-status` ma haka, kowanne da `M`, alamar an gyara shi, a gabansa. Na gwada da `-w`, mai watsi da canjin sarari, a wasu fayilolin, labarin bai canza ba.

Umarni ɗaya, komit (sigar da aka ajiye a Git) biyu iri ɗaya, zaɓi iri ɗaya. Siffar da amsar za ta fito kawai na canza, sai amsar kanta ta canza daga biyu zuwa takwas. Kuma Git bai ce mini uffan ba, bai ce "wannan zaɓin ba ya aiki a nan" ba. Wannan shirun shi ya fi damuna, domin baiwar Allah nan za ta buɗe fayil shida ta bi su tana neman abin da babu.

Ubuntu 24.04 nake amfani da shi, Git 2.43.0. Tambayata biyu ce. Me ke jawo haka? Sannan a ganinku, in mutum ya ce a yi watsi da wani irin canji, shin ya kamata kowace siffar fitarwa ta bi wannan umarnin, ko akwai wadda ya dace ta ƙi?

Malam_Samaru ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka rubuta komai ba daidai ba, haka 2.43 yake, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina Git tun 2005.

Git ba bambanci yake ajiyewa ba. Kowane fayil ɗungurungum yake ajiye shi, ya lissafa masa lambar shaida ta SHA-1 mai haruffa 40 daga abin da ke cikinsa. Baiti ɗaya ya canza, lambar ta zama wata daban. Folda ma tana da tata lambar, wadda aka lissafa daga sunaye da lambobin abin da ke cikinta. To in ka ce ya kwatanta `v1.4` da `HEAD`, matakin farko lambobi kawai yake dubawa. Foldar da lambarta ba ta canza ba, ko leƙa cikinta ba ya yi. Daga nan sai ya fito da jerin fayiloli bibbiyu, tsoho da sabo, waɗanda lambobinsu suka saɓa. Wannan jerin shi `--raw` da `--name-only` da `--name-status` suke buga maka. Har zuwa nan bai buɗe fayil ko ɗaya ba.

Mataki na biyu shi ne kwatanta layi da layi, kuma wani sashe ne daban mai suna xdiff yake yin sa. A can ne `-w` da `-b` (mai watsi da canjin yawan sarari) da `--ignore-cr-at-eol` da `-I` suke zaune. Faci, wato cikakken bambancin layi da layi, yana bi ta can, `--stat` da `--numstat` suna bi ta can tunda sai an ƙirga layuka. A 2.43 jerin sunaye ba ya bi, don haka zaɓin da ka bayar bai taɓa isa inda zai yi aiki ba.

In ka bi tarihin za ka ga ɗaya bayan ɗaya aka riƙa koya wa siffofin nan. Kafin sigar 1.7.0 ta Fabrairun 2010, ana ɗaukar `-w` da `-b` a matsayin matatar abin da ake nunawa kawai. Fayil ɗin da sarari kaɗai ya canza a cikinsa, kan facin nan mai `diff --git` yana fitowa ba komai a ƙarƙashinsa, kuma `--exit-code` yana dawo da 1. A 1.7.0 aka ce a'a, zaɓin nan ma'anar kwatancen yake canzawa, sai kan ya daina fitowa, lambar fita ta koma 0. Amma `--stat` ya ci gaba da jera irin waɗannan fayiloli da sifili a gabansu har zuwa 2.29, Oktoban 2020. Shekara goma ke nan tsakani. Shi kansa `-I` a 2.30 ya shigo Git, Disamban 2020, ko da yake `diff` na GNU ya daɗe da shi.

Wani abu a gyaran 2.29 da nake ganin shi ne ma'aunin da ya dace a bi ko'ina: fayil ɗin da aka gyara, aka tarar ba layin da ya ƙaru ko ya ragu, shi kaɗai ake cirewa. Sabon fayil ko da babu komai a cikinsa, wanda aka goge, wanda aka canza wa suna, wanda izininsa ya tashi daga 100644 zuwa 100755, duk suna nan a jerin. Domin cewa ka yi a kau da kai daga sarari, ba ka ce a kau da kai daga haihuwar fayil ko mutuwarsa ba.

Abin da za ka yi yau:

```
git diff --numstat --no-renames --ignore-cr-at-eol -I'^#:' -I'^"POT-Creation-Date' v1.4 HEAD -- '*.po' | cut -f3
```

`--numstat` yana ba da layukan da suka ƙaru, waɗanda suka ragu, sai suna, da tab a tsakaninsu, `cut` ya ɗauko na uku. Na sa `--no-renames` ne don kada sunan ya fito da kibiyar nan `=>` a tsakiya. Ka bar `'*.po'` ɗin nan yadda yake, don in kuna ajiye fayilolin `.mo` a rumbun, su ba rubutu ba ne, zaɓin watsi ba ya taɓa su, da `-` za su fito a gurbin lambobi. Kuma in akwai fayil mai ƙ ko ɗ ko ɓ a sunansa, Git zai rubuta shi da lambobi, `ƙ` ta koma `\306\231`, sai ka sa `-c core.quotePath=false` bayan kalmar `git`.

Ka kula da `-I` kuma. Sai duk layukan canjin, waɗanda aka cire da waɗanda aka saka, sun dace da salon da ka bayar kafin a yi watsi da shi. Kuma in canjin da aka yi watsi da shi yana maƙwabtaka da na gaske, zai iya fitowa tare da shi a facin, ƙirgan ma ya haɗa da shi. Ga jerin sunaye wannan ba zai dame ka ba.

Hajiya_Damagaram ta rubuta:

Malam ya yi bayanin dalili, ba abin da zan ƙara a can. Tambaya ta biyu zan taɓa, kuma ƙanena ka yi haƙuri, ban goyi bayanka gaba ɗaya ba.

Aikina kula da sabobi ne. A wurina `--name-only` amsar tambaya ɗaya ce: waɗanne fayiloli ne ba su zama daidai da na da ba? In ka tambayi mai gadin sito buhunan da aka kwance, ba ka son ya ce maka "wannan an kwance amma na ga hatsin bai ragu ba, shi ya sa ban faɗa ba". Ka fi son ya faɗi duka, kai ka yanke hukunci. Akwai sikirif da yawa da ke ɗaukar jerin nan su kwafi fayiloli zuwa saba, ko su zaɓi gwajin da za a kunna. Fayil ya ɓace daga jerin, ba za a kwafe shi ba, ba za a gwada shi ba.

Kuma kai da ke rubuta Python ka fi kowa sanin sarari ba ko yaushe yake zama banza ba. Dubi wannan:

```
def rufe_wata(membobi):
    for m in membobi:
        lissafa_bashi(m)
        aika_rasit(m)
```

Wani ya ja layin ƙarshe baya da gurbi huɗu. Yanzu mutum ɗaya ne kawai zai sami rasit, na ƙarshe a jerin. A idon `-w` ba abin da ya faru. A idon `-b` ma haka, don shi gurbi takwas da gurbi huɗu duk ɗaya ne a wurinsa, muddin akwai sarari a nan akwai a can. Haka YAML, haka tab a farkon layin Makefile. `-w` har cikin rubutun da ke tsakanin alamun zance yake shiga, "ba shi" da "bashi" duk abu ɗaya ne a wurinsa, kai kuwa ka san ba ɗaya ba ne, balle a manhajar bashi. Sannan sikirif ɗin bash da aka mayar CRLF ba zai tashi a Linux ba, ga shi `--ignore-cr-at-eol` zai ce lafiya lau.

In faci ya ɓoye irin wannan, aƙalla jerin sunaye yana nan yana gaya maka an taɓa fayil ɗin. Da biyun za su yi shiru tare, ta ina za ka sani?

Sai maganar tsada. Malam ya ce matakin farko ba ya buɗe fayil. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu nan muna ɗauko manyan rumbuna da `git clone --filter=blob:none` don tsimin data, tarihin komit da na folda su sauko, abin cikin fayiloli kuwa sai an buƙace shi. A irin wannan rumbun `--name-only` tsakanin tsofaffin komit biyu, in ka kashe neman canjin suna, ba ya taɓa intanet. Ranar da ya zama dole ya karanta cikin kowane fayil kafin ya faɗi sunansa, sai ya sauko da tsoho da sabo na kowanne.

Wanda ba zan taɓa yarda a taɓa ba shi ne `--raw`. Layinsa yana ɗauke da lambar shaidar tsoho da ta sabo. Lambobin nan sun bambanta ko ba su bambanta ba, babu ra'ayi a ciki. Don na'ura aka yi shi, ba don idon mutum ba.

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Malam, Allah ya saka da alheri. Na kunna na `--numstat` ɗin, biyu suka fito, na sashen bashi. Bayanin matakai biyun nan ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai.

Hajiya, na gode, kuma misalin rasit ɗin nan ya taɓa ni, don irin aikin da nake yi ke nan kullum. Na yarda ɗari bisa ɗari cewa `-w` abu ne mai haɗari a Python. Amma ina ganin haɗarin na `-w` ne, ba na jerin sunaye ba. Wanda ya sa `-w` a sikirif ɗin da ke kwafar fayiloli zuwa saba, tun a nan ya yi ɓarna. Kuma ba a samun `-w` da tsautsayi. Babu saitin da ke kunna shi a `.gitconfig` ga `git diff`, laƙabi kuma ba ya iya maye gurbin umarnin Git na asali. Sai mutum ya rubuta shi da hannunsa. In bai rubuta ba, `--name-only` yana nan yadda kika san shi, da saurinsa, ba ya buɗe fayil, ba ya cin data. Tsadar da kika ambata wanda ya nema ne kaɗai zai biya. Mai gadin siton naki, ni ne na ce masa kada ya ƙirga buhun da aka kwance aka ɗaure ba a ɗebi komai ba. Ya amsa mini da to, sannan ya ƙirga su duka.

Bayan na karanta bayanin Malam sai na gwada `-G`, mai nuna fayilolin da layin da ya canza a cikinsu ya dace da salon da ka bayar kawai:

```
git diff -G'^msgid' --name-only v1.4 HEAD -- '*.po'
```

Biyu ya ba ni. Ashe `--name-only` ya iya buɗe fayil in an sa shi. `-G` da `-S` suna karanta abin da ke ciki, su tace jerin tun kafin a zo bugawa, don haka kowace siffa amsa ɗaya take bayarwa. Gano canjin suna da `-M` shi ma sai ya karanta cikin fayiloli in ba daidai suke sak ba, kuma `--name-status` yana nuna sakamakon, `R` da kason kamanninsu. To in "nuna mini masu wannan kawai" yana aiki a jerin sunaye, me zai hana "kada ka nuna mini masu wancan" ya yi aiki? Ga mai amfani, tambaya ɗaya ce aka juya. Cewa ɗaya yana zaune a matakin farko ɗaya a na biyu, wannan sha'anin cikin gida ne na Git, bai kamata ya zama nawa ba.

Na kuma fitar da sigogin biyu a folda biyu na gwada `diff -rq` na GNU da `-I` ɗin nan guda biyu da `--strip-trailing-cr`. Shi ma sunaye kawai yake bayarwa, kuma biyu ya ce sun bambanta.

Matsayina shi ne ɗayan biyu. Ko dai zaɓin ya yi aiki a kowace siffa, ko kuma Git ya tsaya ya ce ba a haɗa waɗannan biyun. Yana yin haka a wasu wuraren, in ka haɗa `--name-only` da `--name-status` zai ƙi, ya gaya maka. Da ya ƙi ni tun farko, da na nemi wata hanya a take. Karɓar zaɓi a yi shiru a ajiye shi gefe, shi ne abin da ban ga hujjarsa ba.

Ƙaramin_Injiniya ya rubuta:

Yaya Ɗan_Kurna, ni ƙarami ne a nan, amma ina ganin rabin hayaniyar za ka iya kashe ta tun daga tushe.

Na CRLF: ka buɗe `.gitattributes` ka sa `* text=auto`, sannan `git add --renormalize .` ka yi komit ɗaya shi kaɗai. Daga nan ko me editan abokin aikinka ya yi, LF ne zai shiga rumbu. `--renormalize` tun 2.16 yake nan. Ka saka lambar komit ɗin a `.git-blame-ignore-revs`, ka nuna wa `blame.ignoreRevsFile` shi, don kada `git blame` ya ce kai ka rubuta kowane layi.

Na `#:` kuwa, `makemessages --add-location file` yana barin sunan fayil ya cire lambar layi. Mai fassara za ta san inda saƙo yake, kuma ƙara layi a `views.py` ba zai girgiza komai ba.

Bakatsine ya rubuta:

Jama'a, muhawarar da kuke yi masu Git ɗin sun riga sun yi ta, kuma ɓangaren Ɗan_Kurna aka bi. Ina da 2.52 a kwamfutata, wadda ta fito a Nuwamban 2025. Na yi ɗan rumbu, na canza sarari kawai a fayil ɗaya, na canza kalma a wani. `git diff -w --name-only` ɗaya ya ba ni. `--name-status` ma ɗaya. Yanzu in ka ba da zaɓin watsi, kafin a buga sunan fayil sai an yi kwatancen layi da layi a ɓoye, in ba abin da ya rage sai a tsallake shi. In ba ka ba da zaɓin ba, tsohuwar hanyar lambobi ce.

Gyaran bai zo salin-alin ba. Ya fara shiga 2.51.1, sai aka tarar `--quiet` yana fitar da rubutu a wasu yanayi alhali aikinsa shiru ne, aka gyara a 2.51.2. Ko wannan kaɗai ya nuna yadda siffofin nan suka sarƙe da juna a ciki.

Amma ni abin da nake son ku lura da shi daban ne, kuma ya fi shafar Hajiya. Ubuntu 22.04 yana zuwa da 2.34, Debian 12 da 2.39, Ubuntu 24.04 da 2.43. Abokin aikin Ɗan_Kurna da ke Windows, in ya sabunta nasa, yana kan sabuwar ɗabi'a. Ke nan sikirif ɗaya, rumbu ɗaya, zai ba da takwas a wata kwamfuta ya ba da biyu a wata, kuma za a daɗe a haka kafin sabobi su kamo. Saboda haka duk sikirif ɗin da ke da `--name-only` tare da `-w` ko `-b` ko `-I`, a buɗe shi a tambayi me ake nufi. In duk fayil ɗin da aka taɓa ake so, a cire zaɓin watsin, dama can ba ya yin komai. In masu canji na gaske ake so, a bi hanyar `--numstat` da Malam ya bayar, ita amsarta ɗaya ce daga 2.30 zuwa yau. Ko a bi fayil ɗaya-ɗaya da `git diff --quiet` a duba lambar fita, 0 babu canji, 1 akwai.

Hajiya_Damagaram ta rubuta:

Bakatsine, wannan gargaɗin ya fi komai amfani a wurina. Irin sikirif ɗin da nake tsoro ke nan: wanda wani ya kwafo umarnin da yake duba faci da shi, `-w` da komai, ya ƙara `--name-only` a ƙarshe, ya ga yana aiki ya bar shi. Shekaru yana kwafar duk fayiloli daidai saboda zaɓin ba ya aiki. Ranar da aka sabunta Git, sai ya fara tsallake wasu, kuma ba wanda ya taɓa sikirif ɗin balle a zarge shi. Ƙanena, ka ce sai mutum ya rubuta da hannunsa. Gaskiya ne, amma wanda ya rubuta ɗin sau da yawa ya bar aikin tuntuni.

A kan sunaye na sassauto, hujjar `-G` ɗin nan tana da ƙarfi. A kan `--raw` ina nan inda nake.

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Hajiya, a kan tsofaffin sikirif kin fi ni gaskiya, kuma shi ya sa nake ganin da tun farko ƙin haɗa su aka yi, da ba a tara irin waɗannan ba. Wanda ya kwafo umarnin da `-w` a ciki, da a ranar Git ya tsayar da shi.

A kan `--raw` kuwa, ga yadda nake kallonsa. `--name-status` ai `--raw` ne aka cire wa lambobi da izini, `--name-only` kuma aka ƙara cire harafin. Jeri ɗaya ne da riga uku. In biyu suka bi zaɓin ɗaya ya ƙi, mun dawo inda muka fara, sai dai yanzu mutum zai haddace wanne ne ke ji wanne ne ba ya ji. Kuma layin da bai fito ba bai yi ƙarya a kan lambobi ba, `-G` ma yana hana layukan `--raw` fitowa alhali lambobinsu sun bambanta, ba wanda ya kira wannan ƙarya. Mai son jerin da ba a tace ba, `git diff-tree -r` ba tare da wani zaɓin watsi ba yana nan, kuma shi ya fi dacewa da sikirif ɗin saba tun asali.

Ƙaramin_Injiniya, na bi shawararka ta `.gitattributes`, komit ɗin ya taɓa fayiloli da dama amma ya wuce. Ta `--add-location file` sai na tambayi Malama tukuna, don na san takan duba lambar layin ta turo mini tambaya in saƙo ya yi mata harshen damo, kamar "Balance" da ke fitowa a sashen bashi da na rahoto da ma'ana daban. In ta ce sunan fayil ya ishe ta, zan canza.

Sikirif ɗin da ke tura mata saƙo na bar shi a kan `--numstat`, ko da an sabunta Git a kwamfutar. Na cire `--ignore-cr-at-eol` tunda ba a buƙatarsa yanzu, `-I` biyun suna nan. Na kuma ƙara `-I'^"PO-Revision-Date'`, domin Poedit yana sabunta wannan layin in ta yi ajiya, kuma ba na son fayil ya dawo mata a zagaye na gaba saboda kwanan watan da ita da kanta ta canza.